Kulob ɗin Baƙi a Ƙasar Wasu: Tarihin Shiga da Hanawa

Kulob, kamar yadda Turawan Ingila suka yaɗa shi a duniya, ƙungiya ce ta mutanen da suka haɗa kuɗi suka mallaki gida da fili, inda suke cin abinci, su yi wasa, su karanta jarida, su yi hira, ba kuma mai shiga sai wanda suka amince da shi. Otal yakan karɓi duk mai kuɗi, amma kulob sai ya zaɓa. A zamanin mulkin mallaka, duk Baturen da aiki ya kai shi Kalkata ko Alƙahira ko Nairobi ko Kano, abu na farko da yake nema bayan ya sauke kaya shi ne a rubuta sunansa a littafin kulob, domin a can ake sanin mutum, a can ake jin labarin ƙarin girma da canjin wurin aiki, a can ne ma wasu ke samun matan aure.

Asalin al'adar yana Landan. A ƙarshen ƙarni na 17 gidajen shan kofi da cakulan sun zama matattarar masu hali, sannu a hankali wasunsu suka rufe ƙofa, suka koma na mambobi kaɗai. White's, wanda aka buɗe a 1693, shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka rage, sai Boodle's da Brooks's da suka biyo baya a shekarun 1760, dukkansu a unguwar St James's. Na maza ne zalla, kuma kowanne da irin mutanensa: wannan na 'yan wata jam'iyya, wancan na hafsoshin soja. A 1824 aka kafa Oriental Club musamman don waɗanda suka yi aiki a Indiya da sauran ƙasashen gabas suka dawo gida suka tarar ba su da abokan hira.

Indiya ce ta mayar da wannan al'ada ta manyan Landan ta zama ta kowane ma'aikacin daula. An kafa Bengal Club a Kalkata a 1827, Madras Club a 1832, Byculla Club a Bombai a 1833. Daga nan abin ya bi jiragen ruwa: Hong Kong a 1846, Tanglin na Singafo a 1865, Selangor na Kuala Lumpur a 1884. Ba a manyan birane kaɗai ya tsaya ba. Duk ƙaramin barikin da Turawa suka kai goma ko ashirin, sai ka ga sun kafa rumfa, sun share filin tanis, sun sayo teburin biliyad, sun zaɓi sakatare. Dalilin bai ɓuya ba. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda aka jefa cikin ƙasar da bai san harshenta ba, ga zafi, ga zazzaɓi, wasiƙar gida sai ta yi watanni a hanya, yana bukatar wurin da zai zauna da yamma ya yi magana da harshen uwarsa. Wannan bukata gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa baƙunta ya san ta. Sai dai abubuwa biyu sun ƙara wa katangar da ke tsakanin Turawa da 'yan ƙasa tsawo. Boren da Indiyawa suka yi a 1857 ya cusa wa Turawan Indiya tsoron mutanen da suke mulka, buɗe mashigin Suwez a 1869 kuma ya rage nisan tafiya, matan Turawa suka yawaita, zaman bariki ya koma na iyali, cuɗanyar da ake yi da 'yan ƙasa a da ta ja baya.

A wancan zamani hanyar shiga kusan iri ɗaya ce ko'ina, kuma ita ce ƙashin bayan al'adar. Sabon zuwa ba ya tafiya kai tsaye ya nemi fom. Da fari zai zaga gidajen manyan bariki ya ajiye katinsa mai ɗauke da sunansa, ya sa hannu a littafin baƙi na gidan Gwamna ko na Razdan, ya koma ya jira a gayyace shi cin abinci. Wanda ya tsallake wannan mataki an riga an yanke masa hukuncin rashin tarbiyya. Bayan nan sai wani mamba ya gabatar da sunansa, wani ya mara masa baya, a rubuta a littafin masu nema, a liƙa sunan a allo na wasu makonni domin duk mai ƙorafi ya faɗa. A wurare da yawa sai an kawo shi gaban 'yan kwamiti sun gan shi, sun ji yadda yake magana, sun lura da yadda yake riƙe kofi. Ranar ƙuri'a ana ajiye akwati mai rufi, kowane mai zaɓe ya jefa ɗan ƙwallo, fari in ya yarda, baƙi in ya ƙi. Baƙi ɗaya yakan soke farare da yawa, a wasu wuraren biyu kacal sun isa a rufe ƙofa, ba kuma wanda zai san mai jefawa, ba a kuma faɗin dalili. Kunyar ba ta tsaya ga wanda aka ƙi ba, har ta shafi wanda ya gabatar da shi, wani lokaci ma dole shi ma ya ajiye mambancinsa. Saboda haka mai gabatarwa yakan fara shinshina ra'ayin mutane a asirce, in ya ga alamar baƙin ƙwallo sai ya janye sunan tun kafin ranar.

Wanda ya tsallake zai biya kuɗin shiga, sannan kuɗin wata. A cikin kulob ba a ciniki da tsabar kuɗi: mutum ya sa hannu a 'yar takarda, ƙarshen wata a kawo masa lissafi. Wanda ya kasa biya sai a liƙa sunansa a allon nan da aka fara liƙa shi yana mai nema, kuma a ƙaramin bariki wannan tozarci ya fi kora daga aiki ciwo. Samari da yawa sun nutse cikin bashi ta wannan hanya, galibi bashin barasa.

Kuskure ne a ɗauka cewa duk Bature yana da kujera a ciki. Turawa sun tace junansu da tsanani. A Indiya ma'aikatan mulki ne a sama, sai hafsoshin soja, sai manyan 'yan kasuwa, mai tsaron kanti kuwa ko da fari ne tas ba ya shiga manyan kulob, haka ƙaramin soja, haka ɗan ruwa biyu. A Khartum akwai Sudan Club na manyan jami'ai, akwai Khartoum Club na ƙanana. A Shanghai Club akwai wata doguwar mashaya da ta shahara a gabashin duniya, inda wurin tsayuwar mutum ke nuna matsayinsa: shugabannin kamfanoni da na bankuna a ƙarshen da ke kallon kogi, sababbin zuwa can ƙurya. Mata kuma, ko da matan mambobi ne, an keɓe musu ɗaki ko baranda, ba sa taka mashaya, ba su da ƙuri'a. Sauran Turawan da ba 'yan Ingila ba suka bi sahu da nasu. A Singafo Jamusawa sun kafa Teutonia a 1856, 'yan Suwizalan a 1871, 'yan Holan a 1908. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke gwamnati ta ƙwace ginin Jamusawan, yau shi ne otal ɗin Goodwood Park.

Ta fuskar wasanni kuwa, gadon da waɗannan wurare suka bari ya fi ƙarfin a raina shi. Kulob ɗin golf na Kalkata, na 1829, shi ne mafi tsufa a wajen Birtaniya. Ƙwallon dawaki na zamani daga mutanen Manipur Turawa suka koya, suka kafa masa kulob a Silchar a 1859 da Kalkata a 1862, kafin ya isa Ingila. Sunuka hafsoshin soja ne suka ƙirƙiro ta a Indiya a shekarun 1870, aka daidaita dokokinta a kulob ɗin Ootacamund. Hukuma ta ƙarfafa wasa domin ta yi imani cewa motsa jiki da yamma na kare Bature daga cuta da kasala, kuma jami'in da ya iya hawan doki ko kurket ya fi saurin samun shiga wajen manyansa.

Babbar katangar dai ita ce ta launin fata. Ɗan ƙasa yana cikin kulob dare da rana, amma a matsayin kuku, ko boyi, ko mai jan fanka, ko mai kiwon doki, ko yaro mai tsintar ƙwallo. Likita ko alƙali ko basarake, wanda ya yi karatu a Ingila ya fi yawancin mambobin ilimi, sai ya tsaya a bakin ƙofa. George Orwell, wanda ya yi aikin ɗan sanda a Bama daga 1922 zuwa 1927, ya gina littafinsa Burmese Days na 1934 a kan rigimar shigar da ɗan ƙasa guda ɗaya cikin kulob na wani ƙaramin gari, kuma bai yi ƙari ba. Hanin ya fi ƙarfin maganar nishaɗi, domin a teburin kulob ake ƙulla shawarar da gobe za a sa wa hannu a ofis. Wanda aka hana shi kujera an hana shi jin abin da ake shiryawa a kansa.

Martanin 'yan ƙasa ya zo ta hanyoyi dabam-dabam. Wasu sun nemi wurin haɗuwa: Calcutta Club na 1907 Indiyawa da Turawa ne suka kafa shi tare, Willingdon na Bombai kuma gwamnan lardin ne da kansa ya assasa shi a 1918, ana cewa bayan an hana shi shiga wani kulob da baƙonsa basarake. Wasu sun kafa nasu, kuma daga irin waɗannan ne siyasar neman 'yanci ta tsiro a wurare da dama. Kulob ɗin waɗanda suka gama makaranta da aka buɗe a Umdurman a 1918 shi ne tushen babban taron 'yan boko na Sudan na 1938, wanda jam'iyyun ƙasar suka fito daga cikinsa. Wasu kuma sun ɗauki makami. A watan Satumba na 1932 wata malamar makaranta 'yar shekara 21, Pritilata Waddedar, ta jagoranci hari a kan kulob ɗin Turawa na Pahartali a Chittagong, da ta ga za a kama ta ta sha guba.

Babu inda labarin ya fito fili kamar Alƙahira. A 1882, shekarar da sojojin Birtaniya suka mamaye Masar, aka kafa kulob ɗin wasanni a tsibirin Jazira da ke tsakiyar Kogin Nilu, a kan filin da mai mulkin Masar, Khedive Taufiƙ, ya bayar. Da farko na hafsoshin Ingila ne, da filin sukuwa da na ƙwallon dawaki da na golf da na kurket, kadada masu yawa na kore shar a tsakiyar birni mai cunkoso. Misirawan da aka bari suka shiga 'yan kaɗan ne daga gidan sarauta da manyan masu laƙabin Fasha. A 1907 Umar Lutfi da abokansa suka kafa Al Ahly a tsibirin nan dai, domin ɗaliban Masar su sami wurin taruwa da wasa, kuma a 1925 ƙungiyar ta taƙaita mambancinta ga Misirawa. A 1911 wani lauya ɗan Beljiyam, George Merzbach, ya kafa wata ƙungiyar da ke karɓar baƙo da ɗan gari, wadda daga baya ta zama Zamalek. Manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu na Afirka ke nan, kuma kowaccensu amsa ce ga tambayar wa ya cancanci shiga. Ranar 26 ga Janairu 1952, kwana ɗaya bayan sojojin Birtaniya sun kashe 'yan sandan Masar da dama a Isma'iliyya, jama'a suka cinna wa tsakiyar Alƙahira wuta. Cikin wuraren da aka nufa har da otal ɗin Shepheard da Turf Club, inda Turawa da yawa suka mutu. Kulob ɗin Jazira ya koma hannun Misirawa, bayan juyin mulkin wannan shekara kuma gwamnatin Nasir ta yanke kusan rabin filinsa ta mayar cibiyar matasa, ramukan golf suka ragu daga 18 zuwa 9.

Daga wannan kulob ne Mahmud Karim ya fito. Ya fara da tsintar ƙwallo, ya koyi sukwash a lokutan da mambobi ba sa fili, ya ci babbar gasar Birtaniya sau huɗu a jere daga 1947. Wanda ya karɓe kambin daga hannunsa a 1951, Hashim Khan, shi ma ɗan tsintar ƙwallo ne a kulob ɗin hafsoshin Ingila na Peshawar, inda mahaifinsa ke aiki, kuma ya ci gasar sau bakwai. Ƙarfin da Masar da Pakistan suka yi a sukwash daga ƙofar baya ta kulob ya samo asali.

A Kenya tsarin hawa uku ne. Muthaiga, wanda aka buɗe a daren ƙarshe na 1913, na Turawa masu manyan gonaki ne, Nairobi Club ya fi karkata ga ma'aikatan gwamnati, Indiyawa kuma suka rarrabu bisa al'umma, 'yan Goa da nasu, Sikh da nasu, mabiya Aga Khan da nasu. Daga kulob ɗin Sikh ne da yawa daga cikin 'yan wasan hoki da suka wakilci Kenya a gasar Olamfik suka fito. Baƙar fata ba shi da gurbi a ko ɗaya.

Nijeriya ba ta zama ƙasar zaunannun Turawa ba, saboda haka kulob ɗinta na masu zuwa su yi zango su tafi hutu ne. Dokokin zamanin Lugga sun tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kariya daga cizon sauro, kuma sau da yawa a irin wannan fili ake shimfiɗa golf ko sukuwa. A Kano da Zariya da Kaduna da Jos kulob yana cikin bariki, can nesa da ganuwa. Inda ciyawa ba ta jure rani, sai a zagaye ramin golf da yashi da aka cakuɗa da mai. Turawan kuza na Bukuru suna da nasu, Kwarorin Kano ma suka kafa nasu. Di'o da ya dawo daga rangadi, da joji, da manajan kamfanin sayen gyaɗa, a nan suke haɗuwa, ma'aikacin En'e kuwa sai dai in an aike shi da saƙo.

Doki ne ya fara huda wannan katanga a Arewa. Turawa sun kafa kulob ɗin ƙwallon dawaki a Legas a 1904 da Kaduna a 1918, amma sun tarar da mutanen da suka riga su sanin sirdi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan a shekarun 1920, ya haɗa ƙungiya daga 'ya'yansa da mutanen fada, kuma ba a daɗe ba Katsinawa suka fara cin hafsoshin Ingila. Ɗansa Usman Nagogo ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwanintar da ke tuƙewa a 10, jikan Dikko Hassan Usman Katsina ya ci gaba da riƙe wasan. Wannan buɗi na sarauta ne, bai sauko ga malamin makaranta ko akawu ba, amma ya sa Bature ya saba da shan kaye a hannun wanda ba zai iya zama da shi a mashaya ba.

A Legas 'yan boko ne suka ja ragamar. An kafa Yoruba Tennis Club a 1926. A 1938 kulob ɗin Turawa ya haɗe da na golf aka sami Ikoyi Club, a 1943 kuma su Adeyemo Alakija da Ernest Ikoli suka kafa Island Club da sharaɗin kada a dubi launi. A 1947 otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki. Jami'i ne na Ofishin Mulkin Mallaka da ya zo aiki daga Landan, mahaifinsa ɗan Saliyo. Hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa Gwamna Arthur Richards haramta wariyar launi a wuraren jama'a, aka daina kiran asibiti da unguwa na Turawa. Kulob masu zaman kansu sun ɗan ja ƙafa, amma hujjarsu ta riga ta karye.

'Yancin kai bai kashe kulob ba, kuma wannan abin lura ne. A filin da ke gaban Selangor Club aka sauke tutar Birtaniya da tsakar daren shiga 31 ga Agusta 1957, a filin sukuwa na Legas aka yi bikin 1 ga Oktoba 1960, kulob ɗin kuwa suka ci gaba da buɗe ƙofa da safe. Wasu sun yi taurin kai: Bengal Club bai karɓi Indiyawa ba sai 1959, shekara goma sha biyu bayan tafiyar Ingila. Amma yawancinsu sun gane cewa ba za su rayu ba sai da kuɗin 'yan ƙasa. Manyan sakatarori da janar-janar da 'yan kasuwa suka gaji kujerun, suka gaji littafin masu nema da kwamiti da dokar sutura, har ta kai a Indiya an sha hana fitattun mutane shiga saboda sun sa kayan gargajiya. A garuruwan man fetur na yankin Gulf kamfanoni ne suka sake gina tsohon tsarin: a Ahmadi ta Kuwait kulob ɗin Hubara na manyan ma'aikata ne, ƙanana da nasu dabam. Mata sun fi kowa daɗewa a waje, domin Hong Kong Club bai ba su cikakken mambanci ba sai 1996, da dokar hana wariyar jinsi ta tilasta.

Baƙon da ya sauka Hong Kong ko Singafo ko Nairobi ko Legas a yau zai tarar da matakan nan na da kusan yadda suke: mai gabatarwa, mai mara baya, ganawa da kwamiti, liƙa suna a allo, jira. Akwatin ƙwallaye ya ɓace a yawancin wurare, kwamiti ne ke yanke hukunci, har yanzu kuma ba dole ne ya faɗi dalili ba. Abin da ake tacewa da shi ne ya sauya. A Hong Kong, inda fili ya yi tsada, kulob da yawa suna sayar da takardar hannun jari da ke ba mai ita damar mambanci. Kamfani yakan saya ya sa sunan ma'aikacinsa, in an canja masa wurin aiki a sa na magajinsa, ana kuma cinikin takardun a kasuwa da kuɗi masu nauyi. Layin jira a wasu wurare yakan ɗauki shekaru, fiye da tsawon kwangilar mai nema, shi ya sa aka ɓullo da mambancin wa'adi na shekara ɗaya ko biyu. Hong Kong Football Club, na 1886, da makamantansa suna da gajeriyar hanya ga wanda ya iya wasa: a gwada shi, ya yi alkawarin buga wa ƙungiyar na wasu shekaru, a rage masa kuɗi da jira. Fasfo ma yana da tasiri. American Club na Singafo yana ware kaso mafi yawa ga Amurkawa da 'yan Kanada, Tanglin kuma ya sa iyaka ga kason da 'yan ƙasa ɗaya za su riƙe, dokar da a aikace 'yan Singafo ta fi taƙaitawa, tunda su ne suka fi yawan nema. Akwai kuma yarjejeniyar musaya, wadda ke ba mamban kulob na Nairobi damar sauka a wani na Landan ko Mumbai da wasiƙar sakatarensa.

Masu neman ma sun canja. Kamfanoni sun rage biya wa ma'aikatansu kuɗin kulob, gidajen haya na zamani suna zuwa da wurin ninkaya da na motsa jiki, waya da intanet sun rage kaɗaicin da ya haifi al'adar tun farko. Wanda ke nema a yanzu galibi mai iyali ne da ke son inda yara za su koyi ninkaya da tanis, matarsa ko mijinta su sami abokai, kuma zai iya kasancewa Ba'indiye ma'aikacin banki, ko injiniya ɗan Nijeriya, ko likita 'yar Masar. Miliyoyin baƙin da ke gini da aikin gida a waɗannan birane ba sa cikin lissafin. Nasu taron a filin Allah yake ranar hutu, kamar yadda 'yan aikin gida 'yan Filifin ke cika titunan tsakiyar Hong Kong kowace Lahadi, leburori 'yan Pakistan da Bangladesh kuma ke buga kurket a wuraren ajiye motoci na Dubai da Sharja.